Kwikwiyon gadi: na ruga, na masu ceto, ko na dillalan birni?

Da zarar an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, an ɗaure ragunan kiwo a bayan gida, sai maganar kare ta taso. A ƙauyukanmu na wajajen Gaya, Ringim da Jahun ba don sha'awa ake ajiye kare ba. Farauta da tsaron dabbobi da tsaron gona sun zo a hadisi, gadin gida kuma malamai da dama sun haɗa shi da su. Abin da ya rage wa mai nema shi ne inda zai samo kwikwiyon, da abin da ya dace ya biya.

Ni dai ba na ɓoyewa, na ruga na fi so, ko na gidan maƙwabcin da karyarsa ta haihu a kan idonka. Dalilin farko shi ne uwar. Za ka gan ta, ka ga ko tana da ƙiba, ko kaska ta cika mata kunne, ko mai haushi ce da dare ko mai kwanciya ɓarawo ya tsallake ta. Kwikwiyo yakan ɗauko halin uwarsa fiye da yadda mutane ke zato. Na biyu, karen nan ɗan ƙasa ne. Kakanninsa sun sha zafin watan Afrilu, sun rayu a kan ɗumamen tuwo da tsarin nono, gashinsa gajere ne, ba ya neman abincin gwangwani. Na uku, kai za ka zaɓi ranar ɗauka. Kada ka raba shi da nono kafin ya kai mako 8, komai matsin mai shi. Ka je da safe ka tsuguna a gefen ramin da suke kwana, ka tafa hannu ka ga wanda ya fara ɗago kai ya nufo ka. Ka ɗaga leɓensa: dasashi ja-ja shi ne lafiya, fari fat alamar tsutsa ko kaska ta shanye jini. Idan ciki ya yi tulu alhali haƙarƙari a waje, tsutsar ciki ce, tana da magani, amma ka san da ita tun kafin ka kai shi cikin yara. Ka duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai busasshen zawo.

Cinikin ma mai daɗi ne, domin ba ciniki ba ne. Za ka ce, "Baffa, ina son ɗaya daga cikin 'ya'yan nan idan an yaye su." Ya ce, "Ɗauki wanda ya yi maka, ai ba a sayar da kare." Sai ka kawo goro, ko kanwar shanu, ko 'yan kwanonin gero a matsayin tukwici, kowa ya tashi da mutuncinsa. Wannan al'ada tana da tushe: hadisi ya hana cin kuɗin kare, kuma abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin sayar da shi, duk da cewa Sahnun, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabar, ya halatta sayar da na farauta da na tsaro. Aibin na ruga ɗaya ne, ba a yi masa komai ba. Maganin tsutsa da allurar rigakafi duk a wuyanka suke.

Na mafarauta yana da gudu da hanci, amma ba ya zaman gida, kuma kajin maƙwabta za su ja maka shari'a a gaban mai unguwa. Na wuce shi.

Sai masu ceto, wato mutanen da ke tsince kwiyakwiyan da aka zubar a bola ko bakin titi a manyan birane irin su Abuja da Legas, su yi jinyarsu, su sa hotonsu a Facebook suna neman mai riƙo. Suna cewa kyauta ne, amma akwai kuɗin karɓa, kuma a nan ne mutanenmu ke tsayawa su ce to ina kyautar? Ni ban ga laifin kuɗin ba idan na ɗawainiya ne. Allura da kuɗi ake saye, madara da magani haka, likitan da ya duba shi ba sadaka ya yi ba. Mayar wa mutum abin da ya kashe daban, sayen kare daban. Sai dai ka nemi a rubuta maka abin da aka kashe dalla-dalla. Idan ka ga kuɗin ɗan kwikwiyo mai kyan gani ya ninka na babban kare da aka fi daɗewa ana ciyarwa, to kasuwa ce aka sa wa rigar tausayi. Wasu za su ce rarar ce ke ciyar da tsofaffin da ba mai so. Hujja ce mai kyau, amma a faɗa maka tun farko, kada ka gano daga baya.

Inda na fi saɓawa da su shi ne fiɗiya da wuri. Sun ɗauko tsarin gidajen ajiye karnuka na Amurka, inda ake cire wa kwikwiyo 'ya'yan maraina ko mahaifa tun yana mako 8, don kada wanda ya karɓa ya bar shi ya hayayyafa. Damuwarsu gaskiya ce. Karya na ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, tana iya neman maza sau biyu a shekara, kuma duk mun san inda 'ya'yan da ba a so ke ƙarewa. Amma jiki yana buƙatar waɗannan sassa kafin ƙashi ya gama tsayawa. Binciken da aka fitar a 2013 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a kan wani nau'in manyan karnukan Turawa, ya nuna waɗanda aka fiɗiye kafin shekara ɗaya sun fi samun ciwon ƙugu da tsinkewar jijiyar gwiwa. Karenmu bai kai su nauyi ba, amma shi aikinsa gudu ne a kan kunya da tsallake danga. Shawarata ga namiji a bari ya kusa shekara. Ta mace ta fi wuya, domin cire mahaifa kafin ta fara neman maza yana rage haɗarin ciwon dajin nono, kuma takan fara ne tsakanin wata 6 zuwa 12. Wannan tiyata ce ta buɗe ciki, sai likitan dabbobi na gaske da allurar barci. Idan babu shi kusa, ka killace ta makonni ukun da take neman maza.

Kada ka yarda wani ya zo da reza ko tabarya ya ce zai dandaƙe maka shi yadda ake yi wa bunsuru. Kuma masu yi wa karya allurar tsarin iyali ta mata, su sani tana iya sa mahaifa ta cika da mugunya har ta kashe ta. Zancen da ake yi wai fiɗiyayyen kare ba ya gadi, ban gan shi ba. Yawon dare ne ke raguwa, kuma a wurin barbarar yawo ne suke kwaso tsiron nan mai zubar da jini a gaba.

Yanzu dillalan birni, masu "ɗan Alsashiyan". Alsashiyan wani babban karen Turawa ne mai miƙaƙƙun kunnuwa. A nan aka taɓa ƙona ni. Wani ya kawo min kwikwiyo mai baƙin baya da kati ɗauke da hatimi, ya rantse an yi masa allura duka. Ba a jima ba ya fara amai, sai zawo mai jini mai ƙarnin da ba ya barin hanci, cutar da likitoci ke kira fabo. Ya mutu a kan buhu a zaure. Da na kai katin asibitin dabbobi, malamin ya juya shi ya ce, "Malam, ina takardar jikin kwalbar?" Ashe ana ɓare 'yar takardar da ke jikin kwalbar allura a manna ta a kati, da lambarta da ranar lalacewarta, likita ya sa hannu. Katin da babu wannan, kowa na iya bugawa a shagon kwamfuta. Ko da akwai takardar, ka tambayi inda aka ajiye allurar, domin rigakafin da ya wuni a aljihun babur cikin rana ya zama ruwa. Ka kuma lissafa: allurar haukan kare daga wata 3 ake fara ta, a riƙa maimaitawa duk shekara, to wanda ya nuna maka ɗan mako 5 da katin da ya ce an yi masa, ƙarya yake. Cutar fabo tana daɗewa a ƙasar gida watanni da yawa, saboda haka kada ka yi saurin kawo wani kwikwiyon inda wancan ya kwanta.

Dabarunsu ba su ƙare a nan ba. Akwai masu ɗaure wa kwikwiyon ƙasarmu kunne ya miƙe su ce ruwa-biyu ne. Akwai masu ɗura wa marar lafiya ruwan sukari ya ɗan yi kuzari na lokacin ciniki. Akwai masu hoton da suka ɗauko a intanet, ka tura kafin alƙalami da kuɗin mota, waya ta mutu. Wasu ma yanzu sun koyi cewa "ceto muka yi" don ka ji kunyar tayawa. Babban kare mai ladabi da aka kawo maka da araha kuwa, ka fara tambayar na wane gida ne, kafin mai shi ya biyo sawu.

Mafi muni shi ne kwikwiyon da ba a san asalinsa ba, domin ƙarami ma yana ɗauke da haukan kare, kuma yara ne ke wasa da shi. Idan ya ciji wani ko ya yage shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi babban asibiti a ranar, kada a jira ganin alama. Shi kuma karen a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.