Kwamfutar da ta riga mu ganin ɓarkewar cuta

Yaya Hajiya, gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya yara, ya ƙarfin jikin Baba? Kin ce in ba ki labarin yadda asibitin Ingila yake, to ga wanda ya fi tsaya min a rai.

Wata Litinin da safe, ko shayi ban kurɓa ba, nas mai kula da hana yaɗuwar cuta ta shigo ɗakinmu da takarda a hannu. Ta ce cikin kwana 12 an samu majinyata uku da ƙwayar Klebsiella, kuma magungunan da suka gaza kashe ta a jikin na farko su ne suka gaza a sauran biyun. Biyu a wurinmu suke, ɗaya tuni an mai da shi hawa na sama. Mu da muke kansu dare da rana wallahi ba mu lura ba, kowacce da nata gadajen, ga canjin aiki. Manhaja ce ta tono. Duk sakamakon da ya fito daga ɗakin gwaji tana haɗa shi da gadon da mutum ya kwanta da ranar da ya kwanta, idan adadin ya wuce abin da aka saba gani sai ta aika saƙo. Kafin azahar an killace su, an ɗauki samfuri a jikin maƙwabtansu, har magudanar wurin wanke hannu sai da aka gwada.

Manhajar takan yi kururuwar banza, kada ki ɗauka waliyyiya ce. Wani lokaci a tayar mana da hankali, a bincika, a ga babu komai.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ƙarfinta daga ɗakin gwaji yake. A nan majinyaci ba ya biyan ko fam ɗaya don a gwada jininsa ko fitsarinsa a nemo ƙwayar cuta, likita ya rubuta, an yi. Kuma tun 2001 wajibi ne asibitoci su kai rahoton duk wanda aka samu MRSA, wata ƙwayar cuta mai bijire wa magunguna, a jininsa. A gida kin fi ni sani: a rubuta gwaji, ɗan jinya ya duba aljihu, ya ce a dai ba da allurar. Wanda aka yi kuma yana cikin babban littafin rajista. Me kwamfuta za ta ƙirga? Har yanzu ina tuna farkon 2020, da zazzaɓin Lassa ya ɗauke mana likitoci a Kano bayan tiyatar mai ciki. Allah ya jiƙansu.

Mu ma muna da namu. Manhajar SORMAS da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, ke bibiyar annoba da ita, bayan Ebola ta 2014 aka ƙirƙiro ta, tare da Jamusawa. WHONET kuwa, manhajar tattara sakamakon gwajin ƙwayoyin cuta wadda aka fara a Boston, kyauta ake sauke ta, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗauka. Don Allah ki tambayi mutanen ɗakin gwajinku ko suna shigar da sakamako a cikinta.

Ganin likitan unguwa a nan kuma sai haƙuri, na jira mako biyu kan ciwon kunne, ga kyamis galibi ba ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takarda. Attaruhu ma ƙirga shi ake yi. Idan kin samu mai tahowa, a sako min kuka da daddawa, a ɗaure da kyau.

Ƙanwarki.