Adaka ko bindigar harsashi wajen farautar barewa

Maharban ƙasar Tahoua sun daɗe suna wannan gardama, kuma ni dai ina bayan adaka.

Adaka ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma, sannan a danna da sanda. Harbi ɗaya ke gare ka. In ka kuskure, kafin ka sake ɗuri barewa ta yi nisa. Shi ya sa mai adaka dole ya san daji, ya bi sawu, ya lura da inda iska ke kaɗawa don kada dabba ta ji warinsa, ya yi ta rarrafe har ya matso kusa. Aibinta kuwa ba ƙarami ba ne. Da damina albarushi kan yi laima ya ƙi tashi, kuma in aka cika ɗuri, bututun da maƙeri ya ƙera na iya fashewa a hannun mai shi.

Bindigar harsashi ba ta da wannan wahala, sai tsada. Amma saurin nata ne ke damuna, domin barewa ta riga ta yi ƙaranci a dajin Azawak da ke arewacin Tahoua.

Ko a Amurka, jihar Pennsylvania ta ware wa masu bindigar ɗuri lokacin farautarsu bayan Kirsimeti. A Nijar kuwa, dokar farauta ta 1998 ta wajabta neman izini daga ma'aikatan gandun daji, kowace irin bindiga ka riƙe.