Filtar K&N a cikin GT86, tsakanin zafin Yamai da ƙurar hunturu

Duk mai motar gudu a Yamai da ya tambaye ni wace filtar iska zai saka, amsata ɗaya ce: ka bar akwatin iska na asali inda kamfani ya ɗora shi, ka canja abin da ke ciki kawai. A kan wannan sharaɗi nake yabon filtar kamfanin K&N, kuma yabon nawa yana da iyaka.

Motata Toyota GT86 ce ta 2013, ta hanyar Kwatano ta shigo. Injinta FA20 ne mai lita 2, na haɗin gwiwar Toyota da Subaru, doki 200 a takarda. Wanda ya riƙe ta a Turai ya riga ya cire akwatin, ya ɗaura wata filta mai siffar mazurari a bakin bututu, tsirara ƙarƙashin kapo, ba ko tambarin kamfani a jikinta. Gaskiya kukanta da daɗi. Da inji ya haura juyi 5000 a minti sai ka ji yana zuƙar iska da gurnani, har masu babur su waiwayo.

To amma wace iska yake zuƙa? A Afirilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40, ƙarƙashin kapo kuwa sai abin da ya ƙaru. Na soka ƴar na'urar OBD2, mai karanto bayanan inji, ina duba awon a waya cikin cunkoson gadar Kennedy da yamma, na ga iskar da ke shiga inji ta haura digiri 60. Iska mai zafi ba ta da nauyi: duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan kashi 3 cikin 100. Ga shi FA20 matsin da yake yi wa iska a silinda ninki 12.5 ne, don haka da ƙwaƙwalwar inji ta ji zafi ya yi yawa sai ta ja lokacin tartsatsi baya don kare fistan. Ka taka, ƙara ta cika titi, mota kuwa ta yi sanyin jiki. Akwatin asali daga gaban mota yake jawo iska, daga waje, shi ya sa na sa aka nemo mani shi aka mayar.

A cikinsa ne na saka K&N shimfiɗaɗɗiya, mai girman ta takarda daidai. Kamfanin na Kalifoniya ne, tun 1969, kuma daga tseren babura ya faro. Filtar auduga ce hawa-hawa tsakanin ragar ƙarfe, an shafe ta da jan mai, man ne ke kama ƙura. Robar gefenta mai kauri ce, ta zauna ɗaram, murfi ya rufu ba tare da an danna ba. Wannan ya fi komai muhimmanci a wurina, domin ƙura ba ta neman izini, ƴar kafa kaɗan a gefe ta ishe ta.

Batun ƙarfi, kada kowa ya ruɗe ka. A hanyar Doso na ji inji yana ɗan sakin jiki a sama-sama, iyakar abin ke nan. Sanyin jikin da GT86 ke yi a kusa da juyi 4000, wanda duk mai ita ya sani, yana nan yadda yake, filta ba ta maganinsa. Shan fetur ma ban ga ya ragu ba.

Inda ta biya kuɗinta shi ne wanki. Filtar takarda ta wannan mota ba kowane shago ke ajiye ta ba, wadda ka samu kuma sai ka yi ta jujjuya kwali kana tunanin ko jabu ce. Ita wannan, in dai kana da ruwan wankinta da manta, kai da kanka za ka sabunta ta a gida. Kamfanin ya ce takan kai kilomita 80,000 kafin wanki, amma wannan lissafin manyan hanyoyin da ba su da ƙura ne. Ni duk canjin man inji sai na buɗe na duba, da jan ya ɓace ta koma kalar ƙasa na wanke. A fesa ruwan wankin, a jira minti 10, a ɗauraye da ruwa a hankali daga ɓangare mai tsabta zuwa mai datti, a bar ta ta bushe da kanta, sannan a bi kowane ninki da mai. Kaɗan-kaɗan, don na'urar auna iska tana nan bayanta, kuma siririyar wayarta ba ta son maiƙo.

Ranar da yaron gareji ya ɗauko tiyon kwampireso zai hura ta, maigidansa ne ya riga ni magana: "Kai, ajiye! Ta Alhaji ba a hura ta, audugar za ka yaga." Na ce, "Allah ya saka, Maigida." Ko ta takarda ma hurawar nan da muka saba tana buɗe mata ƙofofin da ido ba ya gani.

Ga iyakar da na ambata. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe kogi har ba ka hango wancan ƙetare, cire ta nake in mayar da ta takarda mai kyau. Haka ma in zan yi tafiyar Tawa, fiye da kilomita 500 ta Dogon Dutsi da Birnin Konni, inda kake bin bayan manyan motoci cikin jar ƙasa duk inda gudron ya mutu. Takarda ta fi tare ƙura mai laushi, ƙurarmu kuma yashi ce niƙaƙƙiya, in ta shiga sai ta riƙa cin zobban fistan da bangon silinda a hankali har inji ya fara shan mai. Doki biyu ko uku ba su kai a sayar da inji dominsu ba. Mai son ya gani da idonsa ya goga farin ƙyalle a cikin bututun da ke bayan filta, abin da ya fito a ƙyallen shi injinsa ke haɗiya.

Su kuma masu dogon bututu da ke saukar da filta can ƙasa kusa da taya, iskarsu da sanyi, ban musa ba. Sai dai su tuna yadda ruwa ke kwanciya a titunan Yamai cikin Agusta. Ruwa ba ya matsuwa, in inji ya zuƙe shi sandar fistan ce ke lanƙwashewa, kuma kayan FA20 sai an yi odarsu daga waje.