Tayar tubles a keken daji: ta fi ƙarfin tsidau, hunturun Zariya ya fi ƙarfinta

Haushi ne ya sa na sayi kayan nan. Mu 'yan keken da ke haɗuwa a Samaru da safiyar Asabar mukan shirya tsere tsakaninmu, ranar nan kuwa zagaye huɗu ne a turbar gindin Dutsen Kufena ta ɓangaren Wusasa. Babu kofi babu kuɗi, wanda ya zo na ƙarshe shi ke biyan shayi da burodi. A zagaye na uku ina na biyu, har ina jin hakin na gabana, sai ƙafar baya ta fara yi min lilo. Tsidau. Na dira na sa tiyub ɗin da ke aljihuna, hannu na rawa, ban tsaya na shafa cikin tayar ba, ashe ƙayar na nan maƙale. Ko mita 200 ban ƙara ba shi ma ya sace. Haka na turo keke har inda aka tashi, na biya wa mutum tara shayi, suna sha suna yi min jaje da dariya.

Ga wanda bai san abin ba, tubles ɗin keke ɗan'uwan na mota ne. Ana cire tiyub gaba ɗaya, a naɗe cikin rim da wani tef mai hana iska fita ta ramukan waya, a ɗaura bakin iska na musamman, sannan a zuba wani farin ruwa mai danƙo a cikin tayar. Mu madara muke ce masa. Da ƙaya ta huda, iskar da ke neman fita ita ke turo madarar cikin hujin, ta daskare a wurin ta toshe shi, kai kuwa kana ta tuƙinka. Ba sabon abu ba ne a duniyar keken daji, tun 1999 kamfanonin Mavic da Michelin da Hutchinson suka fito da tsarin. Mu ne dai bai iso gare mu da wuri ba.

Nawa ba na ɗaya daga cikinsu ba ne. Daga wani mai sayarwa a Legas na yi oda ta intanet: tef, bakin iska biyu, gorar madara rabin lita, da 'yan igiyoyin danƙo da ake cusawa a babban huji. Na zaga Sabon Gari shago-shago kafin nan, babu wanda ya ma taɓa jin labarinsa. Ban yi mamaki ba. Ƙasar da 'yar tserenta Ese Ukpeseraye ta hau keken aro na tawagar Jamus a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ina ga mu 'yan sha'awa na Zariya? Kuɗin kayan da na kawowa ya kai na tiyub goma sha wani abu. Na yi sa'a rim da tayoyin kekena, ɗan gwanjo mai ƙafa inci 29, dama an yi su ne don tubles. A duba wannan kafin a fitar da ko sisi, domin rim ɗin da ba a yi shi don haka ba yana iya sakin taya a kwana, kuma a gangare wannan ba abin wasa ba ne.

Ɗaurawar ita ce ta ci min yini guda. Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke da na saba da shi, mutumin da ya tsufa a kan Raleigh da Phoenix. Ya juya gorar ya shinshina ya yamutsa fuska.

"Ɗan nan, wannan nonon za ka zuba wa taya? Tiyub ɗin laifin me ya yi maka?"

"Baba, laifinsa kuɗin shayin mutum tara."

Tef ya hau lafiya. Matsalar ita ce sa leɓen tayar ya kama rim. Famfon hannu ba ya iyawa, kana bugawa iskar na zurarewa ta gefe. Muka bi da bi har gumi ya jiƙe mu. Daga ƙarshe muka ɗauki ƙafar zuwa wurin mai facin mota, nan ma bakin injinsa bai shiga siririn bakin iskar keken tsere ba, sai da na koma gida na lalubo ɗan mahaɗin tagulla da ya zo cikin kwalin. Muka cire allurar bakin iskar, muka shafa ruwan sabulu a leɓen tayar, ya sako iska. Tau! Tau! Baba ya ja da baya yana salati, ya ɗauka ta fashe, alhali ƙarar zama ce. Na zuba wa kowace ƙafa mililita 100 da sirinji, na girgiza, na kwantar da su a kan bokiti gefe-gefe. Daren farko sun rage iska, na biyu kaɗan, daga na uku shiru.

Wannan a ƙarshen damina ne. Abin da ya fara burge ni ma ba maganar ƙaya ba ce. Da tiyub, ba na kuskura na sauko ƙasa da geji 35, don da ka daki dutse rim zai matse tiyub ya yi masa huji biyu kamar saran maciji. Yanzu 24 nake sawa a gaba, 27 a baya, ni mai kilo 70. Keken da na sani da tsalle-tsalle a kan tsakuwar burji sai ya kwanta. A kan falalen dutse tayar na bajewa ta riƙe, a yashin bakin rafi ba ta nitsewa kamar da, kuma ciwon tsintsiyar hannun da nake kwana da shi bayan doguwar fita ya ragu ƙwarai. A hawa mai gargada, inda da ƙafar baya ke murzawa a banza in na miƙe tsaye, yanzu tana cizon ƙasa.

Ƙaya kuwa, wata uku cur ban sauka a hanya ba. Sau ɗaya na ji "fisss" a bayan Bomo, wani ɗigon fari ya fallatso min a ƙwauri, kafin ƙafar ta juya sau biyar ya yi shiru. Ban ko taɓa birki ba. A tseren da muka sake yi a Kufena na zo na uku, na sha shayin wani.

Sai hunturu ya kankama. A jikin gorar an rubuta madarar na iya kai wata shida. Wataƙila a ƙasar da ke da laima. A nan, iskar da ke tsaga leɓe da kaushin ƙafa ba ta ƙyale ta ba. Cikin Janairu, wata uku da 'yan kwanaki da zubawa, ƙayar aduwa ɗaya tak ta zaunar da ni a hanyar gona ta wajen Shika. Ina ta juya ƙafar ina jiran abin al'ajabin da na saba gani, iska na ta fita abinta. Da na ɓalle tayar, babu ɗigon ruwa, sai wani dunƙule kamar cingam da aka tauna aka yar, da fatar danƙo manne a jikin tayar. Laifina rabi ne, don ban taɓa dubawa ba. Tun daga nan duk mako biyu nake girgiza ƙafar kusa da kunne, in ban ji motsin ruwa ba na sauke iska na cire allura na zura tsinken tsintsiya. In ya fito a bushe, na ƙara. A hunturu da bazara kusan duk wata biyu ne. Rabin litar da na yi zaton za ta kai ni shekara biyu ga shi ta kusa ƙasa a wata takwas.

A ranar ce kuma na ga wani abin da babu wanda ya gaya min. Kafin na sa tiyub ɗin ko-ta-kwana sai da na bi cikin tayar da yatsa, na zare ƙaya goma sha ɗaya da suka daɗe a ciki ban sani ba. Kowacce da faci guda ke nan. Amma da na manta ko ɗaya, da labarin Kufena ya maimaita kansa. Ga hannu ya yi daƙe-daƙe da danƙo, ga ƙura ta manne, ga sanyi.

Akwai kuma abin da madara ba ta yi masa komai: tushiyar karan masara da dawa da ake bari a gona bayan girbi. Yankan lauje ne ko adda, tsininsa kamar mashi. Ɗaya ta tsaga min gefen tayar gaba, tsawon farce. Madarar ta tsiyaye tas, igiyar danƙo biyu na cusa suka ƙi zama. Ledar ruwan sanyi na ninka huɗu na tare tsagar ta ciki, na sa tiyub, na lallaɓo gida. Don haka duk wanda ya ce maka da tubles ka rabu da ɗaukar tiyub da famfo, bai taɓa ratsa gonakin Zazzau da rani ba.

Keken titina, wanda nake fita da shi hanyar Giwa, ban taɓa shi ba kuma ba ni da niyya. Siririyar taya mai milimita 25 tana son geji 80 ko fiye, a wannan matsin iska na fin ƙarfin madarar kafin ta daskare. Wani abokinmu ya gwada, gilashi ya huda shi muna jere a bayansa, ya yi wa mutum uku feshi a fuska da tabarau, tayar kuma ta sace duk da haka. Ƙwararrun Turai da ke amfani da shi a titi tayoyinsu sun fi faɗi, iskarsu ta fi sauƙi, ga motar kanikawa na biye da su.

A keken daji dai ba zan koma tiyub ba. Ga mai zuwa kasuwa ko makaranta a kan kwalta, wahalar ta fi amfanin, faci a bakin titi ya fi masa arha. Na riga na yi odar gora ta biyu, babba, mu uku muka haɗa kuɗi don kuɗin kawowa ya yi sauƙi. Baba ne zai ɗaura wa sauran biyun, ya ce a zo masa da sirinjin da ɗan mahaɗin tagullan nan, sabulu kuma yana da shi.