Manhajar YouVersion ga Kirista da aka ƙi, ko abu ya watse masa

Wanda aka hana aiki bayan ganawa, ko aka fasa aurensa ana saura makonni, ba dogon wa'azi yake nema ba. Nan manhajar YouVersion, ta karanta Littafi Mai Tsarki a waya, take da amfani, kuma kyauta ce.

Da farko a zaɓi Hausa a wurin harshe, a sauke Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya cikin waya tun ana da data. Wanda ya tsallake wannan, ranar da intanet ya ɗauke da tsakar dare sai ya buɗe ya tarar babu komai.

Ayar kullum da take turowa ba ta san halin da kake ciki ba, wani lokaci ma sai ta zo kamar ba'a. Gara ka yi wa naka wuraren alama da launi: Zabura 27:10, inda ko uwa da uba sun yashe ka Ubangiji zai karɓe ka, da Habakuk 3:17-19. Labarin Yusufu, Farawa 37 zuwa 41, a karanta shi babi ɗaya a rana. Yana ɗan shekara 17 a farkonsa, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Zabura 88 kuwa ta ƙare ba ta'aziyya, kada a guje ta.

Raunin manhajar shi ne tsare-tsaren karatu kan baƙin ciki yawancinsu da Turanci suke. Ga kuma saƙonnin WhatsApp suna kutsowa ana tsakiyar addu'a, sai a kashe data kafin a fara.