Horon Jagoranci ga Ƙungiyoyin Farar Hula: Abin da Na Tarar a Cikinsa

Wata cibiya mai zaman kanta ce take gudanar da wannan horo domin shugabannin ƙananan ƙungiyoyin farar hula, wani ɓangare ta intanet, wani kuma a zauren taro. Alkawarin da ta yi shi ne wanda ya kammala zai iya tafiyar da ƙungiyarsa bisa tsari, ya kuma tunkari majalisar ƙaramar hukuma da hujja a hannu maimakon koke. Na halarci horon har ƙarshe, kuma a ganina an cika wani ɓangare na alkawarin sosai, amma da sauran aiki.

Darasin bin diddigin kasafin kuɗi shi ne ƙashin bayan shirin, kuma shi kaɗai ya isa dalilin halarta. An ba mu kwafin kasafin wata ƙaramar hukuma, aka ce mu bambance kuɗin da majalisa ta amince da shi, da wanda aka saki, da wanda ya isa wurin aiki, domin a tsakanin waɗannan ukun ne dukiyar jama'a take zurarewa. Malamin ya kawo misalin Uganda, inda wani bincike ya nuna cewa daga 1991 zuwa 1995 kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai na tallafin da gwamnati take aikawa makarantun firamare yake isa gare su. Da aka fara buga adadin kuɗin a jaridu, ana kuma liƙa shi a makarantu inda iyaye za su gani, sai abin da ke isa ya kai kimanin kashi 80 a shekarar 2001. Ya kuma yi bayanin birnin Porto Alegre na ƙasar Burazil, inda tun 1989 mazauna unguwanni suka fara zama suna tantance ayyukan da za a fara kashe wa kuɗi. Abin da ya burge ni shi ne bai ɓoye cewa tsarin ya yi rauni bayan shugabancin birnin ya sauya hannu ba, wanda ke nuna cewa duk abin da ya dogara da yardar mai mulki yana iya tafiya tare da shi.

Darasin shugabancin cikin gida ma ya yi ma'ana, domin an nanata cewa ƙungiyar da shugabanta ba shi da wa'adi, asusunta kuma mutum ɗaya ne yake sa hannu a kai, ba ta da bakin tambayar kansila inda ya kai kuɗin jama'a. Ɓangaren da ya shafi halayen shugaba nagari kuwa maganganu ne da kowa ya saba ji.

Inda na fi ganin giɓi shi ne wurin zaɓen mahalarta. Mutum ɗaya ake ɗauka daga kowace ƙungiya, yawanci shugaba, alhali ma'aji da sakatare su ne suke riƙe da takardu. In shugaban ya bar ƙungiyar, ilimin ya tafi ke nan. Haka kuma ba a gayyaci kansila ko ma'aikacin ƙaramar hukuma ko ɗaya ba, sai ya zama muna koyon tattaunawa da mutanen da ba mu ji ta bakinsu ba. Na kuma damu da yawan lokacin da aka ba rubuta takardar neman tallafi, domin hakan yana koya wa ƙungiya kallon mai ba da kuɗi fiye da kallon mambobinta.

Ƙungiyar da ta riga ta yi rajista kuma take da aiki a ƙasa za ta amfana ƙwarai. Shawarata gare ta ita ce ta nemi a ba ta gurbi biyu, ta tura ma'ajinta tare da shugaba, kuma su tafi da kasafin ƙaramar hukumarsu na bana domin su yi atisayen a kansa.