Kwana a Saman Sani Pass: Direban Ya Ci Kuɗinsa, Masaukin Yana da Gyara

Duk wanda zai ratsa Lesotho ta ɓangaren Durban, shawarata ya kwana a saman Sani Pass, mashigar dutsen da ke kan iyakar Afirka ta Kudu da Lesotho. Yawancin baƙi hawa suke yi da safe daga Underberg, garin da ke ƙasa a ɓangaren Afirka ta Kudu, su ɗauki hoto, su sauko kafin a rufe iyaka da ƙarfe 6 na yamma. Mu da muke kan hanyar Bloemfontein sai muka yi hayar mota da direba, muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki da ke bakin ƙauyen saman dutsen.

Direban ya ci kuɗinsa halak malak. Tsakanin shingen Afirka ta Kudu da ke ƙasa da na Lesotho da ke sama kusan kilomita 8 ne na tsakuwa, kuma mota mai jan ƙafa huɗu ake bari ta hau. Kwanonin ƙarshe sai mota ta kusa tsayawa cik kafin ta juya, dutse a gefe guda, kwazazzabo a ɗaya gefen. Bawan Allahn nan bai taɓa wayarsa ba ko sau ɗaya. In ya hango mai saukowa, tun daga nesa zai nemi wuri ya raɓe. Da ya ga matata ta ƙanƙame kujera, sai ya rage gudu yana nuna mata furannin da ke fitowa a tsagin duwatsu har hankalinta ya kwanta. Shi ne ma ya duba fasfo ɗinmu tun a Underberg, don ya tabbata bizarmu ta Afirka ta Kudu mai shiga sau da yawa ce, tunda wanda ya hau Lesotho ya fita ƙasar ke nan.

Saman mashigar ya haura mita 2,800, kuma jiki yana shaidawa. Daga mota zuwa ɗaki sai da na tsaya na mayar da numfashi. Ƙasar Lesotho gaba ɗaya haka take, wurin da ya fi ko'ina ƙasa a cikinta ma yana kan mita 1,400. A watan Yuli muka je, tsakiyar hunturunsu, ruwan da ke kwance a gefen hanya duk ya daskare.

Ɗakin zagayayye ne, ginin dutse da jinkar ciyawa, kamar bukkar karkara sai dai bangon ya fi kauri. Matar da ke kula da wurin ta hura mana murhu tun kafin mu iso, ta jibge barguna masu nauyi irin waɗanda mutanen ƙasar ke yafawa. Da na ce mata ba ma cin naman da ba mu san yankansa ba, ba ta ɓata rai ba. Ta kawo tuwon masara da ganye da wake, da burodin da ta gasa a tukunyar ƙarfe, garwashi sama da ƙasa. Burodin nan da zafinsa, ɓawon ya yi ƙamas-ƙamas, cikin kuma laushi. Da asuba ta ɗora mana ruwan alwala ba tare da mun roƙa ba, don ta ga yadda muka sha fama da na magariba. Alƙibla a nan arewa ake fuskanta, a ɗan karkata gabas kaɗan.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne an ce mana akwai ruwan zafi a bandaki, alhali bututun ya daskare, ko ɗigo babu. Janareta kuma da wuri aka kashe shi ba tare da sanarwa ba, wayoyinmu ba su cika ba. Wanda zai biya kuɗin ɗaki ya cancanci a gaya masa gaskiya tun farko. Ba sa karɓar kati, amma rand na tafiya daidai da loti, kuɗin ƙasar.

Washegari da hantsi muka ga abin da masu saukowa a ranar ba sa gani: makiyaya samari cikin barguna da takalman roba suna fito da tumaki da awakin gashi, wasu a kan ƙananan dawakai, gajimare kuma a ƙarƙashinmu ya rufe kwarin da muka hauro. Daga nan zuwa garin Mokhotlong da ke cikin Lesotho kwalta ce mai kyau, tana bi ta yankin Thabana Ntlenyana, dutse mai mita 3,482. A cika tanki a Underberg, don babu gidan mai kafin Mokhotlong, a kuma sayi safar hannu tun daga ƙasa.